Yarinyar da Uwarta Ba Ta Kiran Sunanta

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a Sabon Gari, na kuma san ta shiga kunnuwanku, ’ya’yana. Ranar da muka je gaisuwar rasuwar Madam Uzo, wadda kuka taso kuna kira Anti, wata mata ta nuna ni da baki ta ce wa ta kusa da ita, “Ga Malamar da ta rufe mata ɗakin yara.” Na ga yadda kuka riƙa satar kallona a mota har muka wuce Kwangila, amma babu wanda ya tambaye ni. Kun yi mini kara, na gode. Sai dai ba na so in bar duniya kuna zaton na ci amanar ƙawata, don haka ku natsu in ba ku labarin yadda aka yi.

A Sabon Gari aka haifi Madam Uzo. Iyayenta daga Gabas suka zo, ubanta yana sayar da kayan gini, ita kuma ta yi karatun nas. A asibiti muka haɗu, ranar da kai Aminu ka faɗo daga mangwaron maƙwabta, ita ce ta ɗinke maka goshi tana yi maka faɗa tana yi mini. Hausa ta zauna a bakinta sosai, illa dai har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda akwai bambanci tsakanin “ka” da “ki” ba. Kowa “kai” ne a wurinta. Na yi shekaru ina gyara mata, na gaji na bari. Da mijinta ya rasu, ’ya’yanta suka watse Legas da Fatakwal, sai ta waiga ta ga gida mai ɗakuna da yawa babu motsin kowa. Da wata ce da ta zuba ’yan haya ta huta. Ita kuwa sai ta tara ’yan cocinsu da wasu ’yan kasuwa da malaman jami’a da wani Alhaji mai sayar da hatsi, suka kafa ƙungiyar taimakon yara masu naƙasa da marasa galihu. Ƙungiyar tana da dogon suna a jikin allo, amma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi ba. Gidan Madam kowa ke cewa.

Ayyuka uku suke yi. Da safe iyaye mata suna kawo yaransu falo a koya musu motsa gaɓoɓi. Da rana wata ma’aikaciya tana zaga gidaje ta duba waɗanda ba a iya kawowa. Sai kuma ɗakin kwana, inda ake ajiye yaran da aka ga ba sa samun kulawa a gida, su zauna wurin Madam sai lokacin hutu. A shekarar da na ajiye shugabancin makarantar firamare, ina zaune a Samaru ina koyon zaman banza, masu ba da taimako suka ce ya kamata a sami wani daga waje ya duba ayyukan nan, ya faɗi wanda ke tafiya daidai da wanda ke bukatar gyara. Madam da kanta ta ambaci sunana a gaban kwamiti, sannan ta zo har gida ta same ni ina tsinke zogale.

“Malama, kai za ka yi mana wannan aiki,” in ji ta.

“Madam, ki nemi wani. Kin san bakina ba shi da linzami.”

“Shi ya sa na zo. Sauran duk nauyina suke ji. Abin da ka gani ka faɗa, ko da ni ce da laifi.”

Na ce, “To, ki riƙe wannan maganar da kyau, kada wata rana ki ce ba ki faɗa ba.”

Ta yi dariya, ta ɗebi rabin zogalen ta ƙulle a leda ta yi gaba.

Damina ce. Kullum in hau bas daga Samaru in sauka a Sabon Gari, gefen zanena duk taɓo. Falon safe ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Ba su da injuna irin na asibitin Shika. Tsohuwar tayar mota da ’yan buhunan yashi da wasu kujeru masu maɗauri da wani kafinta ya ƙera musu, su ne kayan aikin. Amma da idona na ga yaron da aka kawo wuyansa yana lilo, kafin masara ta nuna ya riƙe kansa yana bin mutane da kallo. Na ga matan Hausawa da Yarabawa da Ibo da na kudancin Kaduna a tabarma ɗaya, kowace da ɗanta a cinya, suna koya wa juna yadda ake ba yaro kunu ba tare da ya ƙware ba. Ɗakin kwanan ma fes yake. Madam ta san kukan kowane yaro, tana daga madafa za ta ce wane ne ya farka, kuma in aka duba shi ɗin ne. Mama suke kiranta, masu baki a cikinsu. Na ce a raina wannan rahoto ba zai ba ni wahala ba.

Mai zaga gidajen sunanta Fa’iza. ’Yar wani malamin jami’a ce, a kwatas ta girma, ta gama karatunta ta zaɓi wannan aiki da ba shi da wani albashin kirki. Yarinya ce mai tausayi, tana kuma da saurin yanke hukunci irin na masu tausayi. Wata rana muna cikin keke muna komawa Samaru ta juyo ta ce da ni:

“Malama, akwai gidan da nake so ki gani a Hayin Dogo. An gama magana, ƙarshen wata za mu ɗauko yarinyar mu kai ta ɗakin kwana.”

“Me ya same ta?”

“Shawara ce ta kama ta tana jaririya, ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Shekararta bakwai, ba ta zama, ba ta magana. Amma ba wannan ne ya dame ni ba, uwar ce. Wallahi ban taɓa ganin uwa irinta ba. Na tambaye ta sunan ’yarta, ta sunkuyar da kai, sai kakar ce ta ce Sa’adatu. In muna gidan ko inda yarinyar take ba ta kallo. Madam da kanta ta je ta ce mata kin yarda mu tafi da ita, ta ce duk yadda muka gani. Kamar ana cinikin akuya.”

“Uban fa?”

“Lebura ne a gonar gwaji. Ya ce tunda mu ne muka sani, shi ba shi da ta cewa.”

Gidan ƙarami ne, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, da zaure da ɗakuna biyu da ’yar madafa da aka yi wa labule da buhu. Daga wani ƙauye bayan Giwa suka taso. Kakar, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune a inuwa, idanunta sun yi yana, hannuwanta suna rawa. A gefenta Sa’adatu ce kwance a kan ’yar katifa, kanta yana fizga gefe da gefe. Uwar, Talatu, ba ta kai talatin ba, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta kawo ruwa, ta koma bayan turmi ta zauna ta ba katifar baya. Fa’iza ta zungure ni da gwiwar hannu, wato in gani da idona.

Na ce, “Iya, wannan ita ce ta fari?”

“Ita ne ta fari, Malama. A hannuna ta faɗo.”

Nan na fahimci rabin zancen. Ku ’yan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari ku yi ta sumbata a gaban surukai, kuna ɗora hotonsa a waya duniya ta gani. Ban ce laifi ba ne. Amma mu ba haka muka taso ba, kuma a ƙauyukan nan har gobe ba haka suke ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Na kakanni ne da goggonni. In aka ga ta damu da shi a fili sai a ce ba ta da kunya, kuma wannan tabo ne da mace ke tsoro fiye da yunwa. Ke babba a cikinku kin sani. Har aka kai ki ɗakin miji “ke” nake ce miki, ko a takardar nan alƙalamina ya ƙi rubuta sunanki, kuma ba ki taɓa shakkar wace ce uwarki ba. Fa’iza Bahaushiya ce gaba da baya, kuma ita ma ’yar fari ce, amma uwarta da sunanta take kiranta tun tana zanen goyo, don haka ta ji labarin abin ne kawai, ba ta san kamanninsa ba.

Duk da haka ban yarda da kaina nan take ba. Na daɗe a aikin makaranta, na ga iyayen da suka ɓoye sakaci a bayan kunya. Sai na nemi izinin Iya na ɗaga yarinyar na ɗora a cinyata. Na duba bayanta da ƙugunta, inda gyambo ke fara cin mai dogon kwanciya, babu ko ƙurji. Babu zarnin fitsari, sai ƙanshin man kaɗanya. Na zame ɗankwalinta na ga kitso ƙanana-ƙanana, layi a miƙe, a kan da ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido. Na dubi ƙafafunta, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba, na ga jan lalle har idon sawu.

“Iya, wa ya yi wa jikarki kitso?”

Tsohuwa ta yi murmushi ta ɗaga mini hannuwanta masu rawa. “Wa zai yi? Ni ko zare ba na iya sawa a allura. Sai yarinyan ta yi barci uwan ke zama, ta kama kaɗan, in ta motsa ta bari. Kitso ɗaya sai ya ci mata kwana da kwanaki.”

Talatu na jin haka ta miƙe ta shige ɗaki, kamar an kama ta da sata.

Na riƙa komawa gidan ni kaɗai, ba da mota ba, ba da takarda a hannu ba. In kai wa Iya goro mu yi ta hirar ƙauye. Na tambaye ta me ya sa ba ta hana a tafi da jikarta ba, tunda ta san abin da ke cikin gidanta. Ta ce, “Mutanen asibiti ne, Malama, da mota suka zo. An ce can za ta miƙe ta yi tafiya. In na hana ta ƙare a kwance, me zan ce wa Allah?” Babu wanda ya yi musu alkawarin tafiya, na bincika. Amma abin da kunnensu ya ji ke nan, don shi zuciyarsu ke so. Wata rana kuma na sami Talatu ita kaɗai tana tsince shinkafa, Iya ta shiga maƙwabta. Na zauna kusa da ita na sassauta murya.

“Talatu, ni uwa ce kamarki, kuma babu kowa a nan. Kina so a tafi da ita?”

“Malama, ai ’yarsu ce. Babanta ya amsa, Iya ba ta hana ba.”

“Ba wannan na tambaye ki ba.”

Sai na lura da hannunta, tana zubar da shinkafar a ƙasa tana mayar da tsakuwar cikin faranti. Ban ƙara matsa mata ba, na tashi na yi mata sallama.

Da na koma Sabon Gari sai na zauna da yaran ɗakin kwana ina jan su da hira, ina tambayar kowa ya faɗa mini yayyensa da ƙannensa. Waɗanda ba su da baki, mai kula da su ta amsa. Kusan kowa yana da ƙanne, wasu har sun fara lissafa su suna murna. Masu yayye kuwa ƙalilan ne. Yawancin yaran Hausawa da Fulanin da ke ɗakin ’ya’yan fari ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da kowa ba, da yadda alheri ke iya yin ɓarna yana murmushi. Ban so Madam ta fara jin wannan a gaban kwamiti ba, don haka na same ta a falonta bayan yara sun ci abincin rana, na faɗa mata komai.

Ta saurare ni tana kaɗa ƙafa, sannan ta ce, “Na san kunya. A garin nan aka haife ni, kada ka koya mini. Amma kunya ta yaro mai lafiya ce. Mai lafiya in uwa ba ta kira shi ba, zai tashi ya je ya same ta. Wannan fa? In ta shaƙe da kunu sai uwar ta tsaya kunya?”

“A gabanmu take kunyar, Madam. Mu ne baƙi. Ki je ki dubi bayan yarinyar.”

“Kai gida ɗaya ka gani. Ni na shiga gidan da na tarar da yaro a kulle tare da awaki. Uwar ta ce kunyar mutane take ji. Da na saurare ta da yanzu yana kabari. Ga shi can.”

Ta nuna mini shi ta taga, yana jan jiki a baranda yana bin kaza yana dariya. Gaskiya ta faɗa, kuma na gaya mata gaskiya ta faɗa.

Na ce, “Ban ce ki rufe ɗaki ba. Hanyar tambayar ce ba daidai ba. Ba a tsare uwa ido da ido a kan ɗan fari, ga surukarta ga baƙi, a ce ta amsa. Ko yanka ta za a yi, duk yadda kuka gani za ta ce. A je sau da yawa, a tambayi kaka da goggo, a dubi jikin yaron. Waɗanda ke nan ma a koma gidajensu a sake tambaya.”

“In na yi haka, yara nawa za su rage mini?”

Suɓutar baki ta yi. Na ji, ita ma ta ji. Ta dubi hoton mijinta da ke bango, sannan ta miƙe ta ce za ta je ta duba wanki. Tausayinta ya kama ni har na ji kamar in yaga duk abin da na rubuta. Matar nan ba don suna take yi ba, ba don abin duniya ba. Gida ne ya yi mata faɗi, yaran nan suka cika shi, kuma ta so su da gaske. Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya ce in rubuta yabon in bar sauran, tunda ba biyana ake yi ba. Na ce masa da ban ga ƙafafun yarinyar nan ba da na bi shawararsa.

Ranar zaman kwamiti na karanta rahotona a tsaye. Na yabi falon safe yadda ya cancanta, na yabi tsabtar ɗakin kwana da riƙon da ake yi wa yara. Sannan na ce a ƙara ƙarfi a ziyarar gidaje da ƙera kujeru, a sake bin gidan kowane yaro da ke kwana, kuma kada a ɗauko Sa’adatu. Alhaji mai hatsi ya jinjina kai ya ce shi ma uwarsa ta rasu ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Kwamiti ya amince a sake bin gidaje. Batun Sa’adatu kuwa suka ce an riga an yi magana da uba, sun bar wa Madam ta yanke. Har aka tashi Madam ba ta dube ni ba.

Bari in faɗa muku abin da ya biyo baya tun yanzu, don shi ne tushen maganar da kuka ji. Da aka bi gidaje a hankali, kafin wata daminar yara da yawa sun koma wurin iyayensu, ana kawo su da safe. Waɗanda da gaske ba su da mai riƙo suka ci gaba da zama, har suka girma a hannunta. Ba a taɓa rufe ɗakin ba, ya dai yi shiru, aka mayar da rabinsa wurin ajiye kujeru. Wannan shirun ya ci Madam, na gani a jikinta, ta rame ta rage surutu. Ni ma ya ci ni. Mun yi watanni ba ta tako gidana ba, kuma ko da muka shirya, ta koma neman izini kafin ta taɓa wani abu nawa. Amma na yi gaba da labari, bari in koma kan Sa’adatu.

Ƙarshen wata ya zo, Madam ba ta janye ba. Ranar da za a ɗauko yarinyar na yi sammako na tafi Hayin Dogo ba tare da an gayyace ni ba, na zauna kusa da Iya a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ana yayyafi. An yi wa Sa’adatu wanka an sa mata kayan Sallah, an haɗa kayanta a jaka an ajiye a bakin zaure. Can sai ga bas ɗin ƙungiya, Madam da Fa’iza suka shigo. Madam ta gan ni ta sha kunu, muka gaisa sama-sama. Talatu ta fito ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta shige madafa ta saki labulen buhu. Uban ya sunkuya ya ɗauki ’yarsa ya nufi mota da ita.

Madam ta matso kusa da ni ta ce a hankali, “Ka gani? Ko sallama ba za ta yi da ita ba.”

Na ce, “Madam, tsawon zamanmu ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ina roƙonki. Ki shiga madafar nan ke kaɗai, kada ki tambaye ta komai. In kin fito kin ce a tafi, ni da hannuna zan rufe ƙofar motar.”

Ta harare ni kamar za ta ƙi. Sai ta miƙa wa Fa’iza lemarta, ta sunkuya ta ɗaga buhun ta shiga. Muka zauna muna jira, direba yana ta ba mota wuta a waje. Ba mu ji motsin komai ba. Abin da ya gudana a ciki sai bayan shekaru ta ba ni labari, muna zaune a asibiti muna jiran a auna mata jini. Ta ce ta tarar da Talatu zaune a ƙasa gaban murhu, ta cusa bakin zanenta a baki ta cije don kada sauti ya fita, hawaye sun jiƙe mata gaban riga. A gabanta ga kwanon kunu da ta tace ta rufe, ta dama don a tafi da shi amma ta kasa fitowa da shi. Madam ta ce ta durƙusa a gabanta. Talatu ce ta zare zanen daga bakinta, ta dubi ƙasa ta ce:

“Ba ta haɗiya sai an riƙe mata haɓa. Kuma ba ta son mai zafi. In ta yi kuka ba ciwo ba ne, juyi take so.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce a bar mata ita ba.

Da Madam ta fito idanunta sun kaɗa. Ba ta dube ni ba, ta wuce zaure ta leƙa waje ta ce, “Malam, dawo da ita. Ka kawo jakar ma.” Uban ya tsaya riƙe da yarinya yana raba ido, yana tambaya ko wani laifi suka yi. Ta ce masa babu laifi, mota za ta riƙa zuwa da safe ta ɗauke ta tare da uwarta zuwa falo, ta dawo da su kafin azahar, kuma kafinta zai zo ya auna ta ya yi mata kujera. Iya ta tambaya ko hakan zai hana ta tafiya. Madam ta zauna a tabarma ta kama hannun tsohuwa, ta gaya mata gaskiya, cewa tafiya ba a hannunta take ba, can ko nan, amma zama da riƙe kai ana sa rai. Iya ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Aka mayar da Sa’adatu kan katifarta da kayan Sallarta. An ɗan jima kafin labulen madafa ya motsa. Talatu ta fito ta wanke fuska, ta gyara ɗaurin ɗankwali, kwanon kunu a hannunta. Ba ta kalli katifar ba. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gefen surukarta, ta ce da murya ƙasa-ƙasa:

“Iya, ’yarku ba ta karya ba.”

Kowa ya zuba wa kwanon ido. Madam ce ta fara miƙewa. Ta ce, “Malama, tashi mu fita. Fa’iza, kai ma. Malam, zo ka nuna wa direba inda zai juya.” Iya ta miƙo mini hannu ta ce in kama ta, ita ma tana so ta ɗan sha iska a zaure. Muka fice gaba ɗaya muka bar tsakar gidan.

Zauren bai ɗauke mu duka ba, sai Madam ta fita ta tsaya a bakin ƙofa cikin yayyafi, ta ba gidan baya. Wata maƙwabciya ta taho da sauri da mayafi a hannu, ta ga mota tana so ta ji ko an tafi da yarinyar. Ta yi sallama za ta kutsa, Madam ta miƙa hannu ta tare ƙofar.

“Dakata tukuna,” in ji ta. “Ana ba yarinya abinci.”